Filin Tambaya da Amsa: Digiri na Biyu a Ilimin Ƙididdiga

Wasiƙu uku ne suka zo wa wannan fili a kan batu guda, biyu daga jihar Gombe, ɗaya daga Bauchi. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta fiziks a jami'a, na fita da sakamakon 2:2, wato ƙaramin mataki na daraja ta biyu, na yi bautar ƙasa, yau kuma shekara huɗu ke nan ina koyar da lissafi a wata sakandare a cikin garin Gombe. Ina sha'awar yin digiri na biyu a ƙididdiga, sai dai kwas ɗaya tak na taɓa yi a fannin, a aji biyu. Shin za a ɗauke ni? Wani abokina kuma ya ce ɓata lokaci ne, wai in biya kuɗin horon mako shida na sarrafa bayanai a kwamfuta, ya wadatar. Ina neman shawararka.

Malamin lissafi, Tudun Wada, Gombe

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Hanya tana nan, amma ta yiwu ta bi da kai ta zagaye. Abin da yawancin jami'o'in ƙasar nan ke nema shi ne digiri na farko da bai gaza 2:2 ba, da takardar bautar ƙasa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, sannan da cikakken sakamakon kwasa-kwasanka wanda tsohuwar jami'arka za ta aika musu kai tsaye. Wanda ya karanta ƙididdiga ko lissafi yakan wuce ba tare da wani sharaɗi ba. Wanda ya fito daga fiziks ko injiniya ko kwamfuta ko tattalin arziki kuwa, sashen yakan zauna ya duba abin da ya karanta, daga nan ko dai a ɗora masa wasu kwasa-kwasan digiri na farko ya cike giɓi, ko a ce ya fara da difulomar gaba da digiri, wato PGD, wadda takan ɗauki shekara guda. Da kwas ɗaya a aji biyu, ina kyautata zaton PGD za a nuna maka, kuma kada ka ɗauki hakan raini, domin waɗanda suka tsallake ta da rarrashi sukan biya bashinta a zangon farko.

Wuraren nema ba su yi maka nisa ba. Jami'ar Jihar Gombe tana unguwarku, a Bauchi akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, a Yola kuma Jami'ar Modibbo Adama ta daɗe tana koyar da ƙididdiga. Idan za ka iya nisa da gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da jami'o'in Ilori da Ibadan da Nsukka duk suna da sassan ƙididdiga masu zaman kansu. Sanarwar ɗaukar ɗalibai ta shekarar ita ce ke nuna kwas ɗin da aka buɗe, saboda haka ita za ka karanta, ba labarin majalisa ba. Kafin ka sayi fom, ka je sashen da ƙafarka, ka samu ɗaliban da ke ciki ka tambaye su malamai nawa ne suke da digiri na uku a ƙididdiga ita kanta, kuma waɗanda suka kammala bara shekara nawa suka yi. A takarda karatun zango uku ne ko huɗu, amma yajin aikin malaman jami'a na 2022 shi kaɗai ya ci wata takwas, jiran mai duba kundi kuma wani lokaci ya fi yajin aiki cin rai.

Abin da za ka tarar a aji ya doru a kan ginshiƙai uku: lissafin yiwuwar aukuwar abu, ka'idar yanke hukunci a kan jama'a daga samfurin da aka ɗiba, da tsarin auna alaƙa tsakanin abubuwa wanda ake kira rigireshan. A kansu ake gina sauran, kamar tsara gwaji, da dabarun ɗibar samfuri, da nazarin alƙaluman da ke tafiya da lokaci. Kalkulas ɗin da ka sha a fiziks zai yi maka rana, haka ma aljabarar matiriks, wato lissafin lambobin da aka jera layi-layi a jadawali, domin kusan dukan rigireshan da harshen matiriks ake rubuta shi. Inda za ka ji jiki shi ne sauyin tunani. A fiziks, idan ka san tsawon igiya da ƙarfin jan ƙasa ka san lokacin da lilo zai ɗauka ya je ya dawo, magana ta ƙare. A ƙididdiga babu amsar da take fitowa ita kaɗai. Kowace tana tafe da ma'aunin shakkar da ke kanta, kuma wannan ma'auni shi ne rabin ilimin.

Ga wata 'yar jarrabawa ka gwada kanka da ita. Ɗauka cewa a wani gari mutum ɗaya cikin 100 yana da wata cuta, kuma akwai gwajin da yake kama 90 cikin masu cutar 100, amma yana yi wa 5 cikin lafiyayyu 100 ƙarya ya ce suna da ita. An gwada wani, gwaji ya ce yana da cutar. Mene ne yiwuwar cewa da gaske yana da ita? Yawancin mutane, har da masu digiri, za su ce kashi 90. To, a lissafa da mutum 10,000. Masu cutar 100 ne, gwaji zai kama 90 daga cikinsu. Lafiyayyu 9,900 ne, gwaji zai yi wa 495 ƙarya. Ke nan mutum 585 ne gwaji zai nuna, masu cutar a cikinsu kuwa 90 ne, wato kimanin kashi 15 kacal. Wannan ita ce ka'idar Thomas Bayes da aka wallafa a 1763, bayan rasuwarsa. Idan ka ji wannan sakamako ya dame ka har ka ɗauko biro ka sake lissafawa, to fannin zai yi maka daɗi.

Mu koma kan maganar abokinka, domin ita ce ta fi muhimmanci a wasiƙarka. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Idan abin da kake so shi ne ka iya tsara jadawali da zana taswirar alƙaluma don rahoton ofis, horon 'yan makonni zai kai ka, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma bari in ba ka labarin abin da na gani da idona.

Na taɓa zama a zauren kare kundi a wata jami'a, inda wani ɗalibi ya gwada taki iri biyu a kan masara. Ya haska jadawalinsa a bango, tsaf-tsaf, a ƙasa an rubuta lambar nan da ake kira p, ta fito 0.03. Mai jarrabawa na waje, wani dattijo mai sanyin magana, ya cire tabarau ya tambaye shi ma'anar lambar. Ɗalibin ya amsa cewa tunda ba ta kai 0.05 ba, iyakar da aka saba yanke hukunci da ita, sabon takin ya yi nasara. Dattijon ya ce ya ji, amma me lambar take aunawa? Zaure ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar fanka. Ma'anarta dai ita ce, da a ce takin biyu ba su da wani bambanci a haƙiƙa, to sau uku ne cikin ɗari za a ga tazara mai girman wadda aka gani, ko fiye, ta hanyar dace kawai. Ba ta nufin cewa yiwuwar takin ba ya aiki kashi uku ne, kuma ba ta faɗin ko ƙarin amfanin gonar ya kai kuɗin takin. Wannan ma da sauƙi. Tambaya ta biyu ce ta rushe aikin, da dattijon ya ce a zana masa gonar a allo. Sai ga shi sabon takin duk a ɓangaren da ke gangarawa fadama aka zuba shi, tsohon kuma a kan tudu. To wa ya ƙara yawan masarar, taki ko danshi? Babu manhajar da za ta iya raba su bayan an riga an girbe. Maganin wannan matsala shi ne abin da Ronald Fisher ya tsara a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919: a yanka gona gida-gida, a bar ƙuri'a ta zaɓi inda kowane taki zai faɗa. Ɗalibin nan ya iya kwamfuta fiye da kowa a zauren, amma sai da ya jira wata damina.

Wani misalin kuma daga alƙaluman ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan ta fitar da kashi 4.1 na farkon 2023. Mutane suka yi ta surutu, wasu suka ce an yi aringizo. Abin da ya faru shi ne an sauya ma'auni. A da, wanda yake aiki ƙasa da awa 20 a mako ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a cikin kwana bakwai ya shiga sahun masu aiki, har da mai tallan goro na yamma. Ana iya jayayya a kan ko ma'aunin ya dace da halinmu, ni ma ina da ja a kai, amma ba za a iya jera lambobin biyu a ce ɗaya ta sauko zuwa ɗaya ba. Haka aka yi da hauhawar farashi, wadda ta tashi daga kashi 34.80 a Disambar 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025, saboda an sauya shekarar tushe, wato shekarar da ake kwatanta farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024 an kuma sabunta kwandon kayan da ake bibiya, alhali mudun shinkafa a kasuwa bai san an yi ba. Mutumin da ake biya don ya gane irin wannan, ya kuma bayyana wa kwamishina ko darakta abin da lamba za ta iya ɗauka da abin da ba za ta iya ba, shi ne wanda digiri na biyu ya kamata ya samar.

Shawarata ita ce ka yi digirin, amma ka ɗauki rabin maganar abokinka ka haɗa da shi, domin a wasu sassan namu ana iya gama karatun ba a taɓa bayanai na gaske ba. Ka sauke manhajar ƙididdiga ta R tun yanzu. Kyauta ce, malamai biyu ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Auckland ta New Zealand, kuma tana aiki a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ba tare da intanet ba da zarar ka sauke ta. Takwarorinta, manhajojin SPSS da Stata, na kuɗi ne. Bayanan gwaji kuwa suna cikin aljihun teburinka: sakamakon lissafi na ɗalibanka na shekara huɗu. Ka cire sunaye, ka duba ko makin zangon farko yana hasashen na zango na uku, ka kuma tambayi kanka abin da ya faru da waɗanda suka bar makaranta a tsakani, tunda ba su cikin jadawalin.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Ina da babbar difuloma ta kwalejin fasaha, wato HND, a ƙididdiga, kuma ina aikin tattara bayanai a wata cibiyar lafiya a cikin garin Bauchi. Ina da aure da 'ya'ya uku. An ce mini mai HND ba ya yin digiri na biyu. Gaskiya ne? Idan kuma zai yiwu, wane irin bincike ya dace da mai aiki irin nawa?

Ma'aikaciyar lafiya, Bauchi

Amsa

Barka kadai, Malama. Wanda ya faɗa miki haka ya faɗi rabin zance ne. Mai HND ba ya shiga digiri na biyu kai tsaye a yawancin jami'o'i, amma yana shiga ta ƙofar PGD, kuma idan matsakaicin makinsa ya kai abin da aka gindaya, wanda yakan kama daga 3.0 zuwa 3.5 cikin 5 gwargwadon jami'a, sai ya wuce. Saboda haka ki lissafa shekara uku a ranki, ki kuma zauna da maigida a yi maganar tun kafin a sayi fom, musamman makonnin jarrabawa da wanda zai riƙe yara. Ki nemi izinin karatu a rubuce daga wurin aiki. Abin da ya fi ba masu HND wahala shi ne ɓangaren hujjojin lissafi, domin karatun kwalejin fasaha ya fi karkata ga aiki da hannu, saboda haka kalkulas da matiriks su ne abin bitarki kafin a fara.

Ta fuskar bincike kuwa, kin fi yawancin 'yan ajinki gata, sai dai ki san irin bayanan da ke hannunki. Ki lura da mai sayen hatsi a kasuwar Muda Lawal. Ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, domin ya san nan ake ɗora mai kyau. Sai ya soka ƙarfen nan mai rami a tsakiya da gindi, ya zazzage a tafin hannu ya duba. Rajistar asibiti bakin buhu ce. Tana ƙidaya matar da ta zo awo, ba ta san da wadda ta haihu a gida a wani ƙauyen Ningi ko Ganjuwa ba. Duk yawan shafukanta, yawa ba ya gyara wannan karkata. Shi ya sa ake yin binciken gida-gida irin na lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2008 da 2013 da 2018, inda ake zaɓar unguwanni da ƙuri'a, sannan a zaɓi gidaje a cikinsu. Ana ba masu bincike waɗannan bayanai kyauta idan suka yi rajista suka bayyana abin da za su yi da su. Sai dai wanda ya ɗauke su ya yi lissafi kamar kowane gida an ciro shi ne shi kaɗai daga cikin ƙasa, ya manta da nauyin da aka ba kowane yanki a lissafi gwargwadon yawan jama'ar da yake wakilta, zai fito da sakamakon da ya fi ƙarfin hujjarsa. Samfurin mutum 1,000 da aka zaɓa da ƙuri'a zalla yana ba da kuskuren kusan kashi 3 sama ko ƙasa, kuma sai an ninka shi huɗu kafin kuskuren ya ragu da rabi. Idan kuwa mutanen maƙwabtan juna ne, masu shan rijiya ɗaya da zuwa asibiti ɗaya, kuskuren ya fi haka.

Batutuwa biyu nake hango miki. Na farko, yaran da ake kawowa allurar rigakafin cututtuka biyar (Penta) ta farko a mako na shida amma ba a dawo da su ta uku a mako na goma sha huɗu ba: a wane mataki suke ɓacewa, kuma me ya bambanta su da waɗanda suka kammala? Na biyu, yadda zazzaɓin cizon sauro yake hawa da sauka wata-wata, da abin da ya sauya tun da aka fara rabon maganin kariya na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Kowanne yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da goge sunayen marasa lafiya. Ina roƙonki da ki guji wata al'ada da ta yi yawa a kundayenmu, ta a ɗauko tsohon tsarin lissafi a liƙa masa ƙarin harafi guda, a gwada shi a kan bayanan wata ƙasa da kowa ya riga ya gwada, a ce an ƙirƙiro sabo. Ana samun digiri da haka, amma cibiyarku ba za ta ƙaru da komai ba. Idan kuma kika ga zuciyarki ta fi kwantawa da ɓangaren lafiya zalla, Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Ibadan tana da sashen nazarin yaɗuwar cututtuka da ƙididdigar lafiya.

Tambaya ta uku

Malam, na gama injiniyan lantarki da sakamakon 2:1, wato babban mataki na daraja ta biyu, ina son in yi ƙididdiga ko kimiyyar bayanai a ƙasar waje, amma gidanmu ba mu da hali. Ta ina zan fara?

Matashi, Kaltungo

Amsa

Ƙanena, ka fara da Afirka kafin ka hango tsallaken teku. Cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar masu digiri a lissafi da kimiyya da injiniya, ta koyar da su digiri na biyu cikin kusan shekara guda, ta kuma ɗauki nauyin karatu da masauki da abinci. Da yawa daga ɗalibanta daga nan suke samun gurbin digiri na uku a wasu ƙasashe. A Ingila digiri na biyu shekara ɗaya ne amma da tsada ƙwarai, saboda haka sai da tallafi: na Commonwealth ana nemansa ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, na Chevening kuma yana buƙatar shekara biyu ta aiki da alkawarin dawowa gida. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na raya ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafe ka ba tukuna. A Amurka kuwa abin ya sha bamban, domin digiri na biyu galibi ɗalibi ne ke biya, amma na uku, mai ɗaukar kimanin shekara biyar, jami'a takan yafe kuɗin makaranta ta kuma biya ɗalibi alawus a kan taimaka wa malamai koyarwa, kuma ana iya nemansa da digiri na farko idan lissafin mutum ya yi ƙarfi.

Tsakanin fannonin biyu, kwas mai sunan kimiyyar bayanai yakan fi ba da ƙarfi ga rubuta manhaja da harshen Python da sarrafa bayanai masu yawa, na ƙididdiga kuma ga ka'ida. Kada ka zaɓa da suna. Ka buɗe jerin kwasa-kwasan ka duba ko akwai lissafin yiwuwa da ka'idar yanke hukunci a cikin na dole. A ganina wanda ya riƙe ka'ida yakan koyi manhaja da kansa cikin watanni, amma akasin haka ba kasafai yake faruwa ba. Darasin sigina da hayaniyar da ke gurɓata ta da ka yi a injiniyan lantarki ƙididdiga ce sanye da wata riga, saboda haka ka ambace shi a takardar bayanin kanka.

Yawancin jami'o'in Amurka suna rufe karɓar takardu a Disamba ko Janairu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ni kaina sai da na yi sawu huɗu zuwa tsohuwar makarantata kafin a aika cikakken sakamakona, lokacin kuwa an riga an rufe. Ka nemi naka tun da damina, ka yi fasfo, ka duba ko inda kake nema suna buƙatar jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL. Sannan ka samu malamai uku da za su rubuta maka takardar shaida, ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ya koyar da kai lissafi, ka kai masa kwafin sakamakonka da hannunka domin ya tuna ko wane ne kai a cikin ɗaruruwan da suka wuce ta ajinsa.